Darussa takwas kan gabar Shaiɗan da ɗan Adam: na bakwai ne ba zan kunna wa ɗalibaina ba

Duk wanda ya taɓa koyar da matasa a makarantar Lahadi ya san akwai tambayar da ba ta tsufa: wai mu me muka tsare wa Shaiɗan? Ba mu ci bashinsa ba, ba mu muka kore shi daga inda yake ba, to me ya sa ya sa mu a gaba haka? Ɗalibaina 'yan shekara 13 zuwa 17 ne, kuma ba a sallamar su da "ai shi mugu ne kawai". Suna son dalili. Wannan ne ya sa na sayi wasu darussan sauti guda takwas da aka shirya a kan wannan batu kaɗai. Ana sauke su a waya, kowanne ya kai wajen minti 40, tare da ɗan littafin aiki da mutum zai iya bugawa a takarda, da kuma lambar da ake tura tambaya a amsa. Na saurare su duka, wasu har da maimaici, da Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyata ina bin ayoyin.

Tsarin hira ne. Wani dattijon malami ne ke koyarwa, wata matashiya kuma tana yi masa tambayoyi. Tana ce masa Baba, yana ce mata 'yata, kuma ba tambayoyin "haka ne Baba" take yi ba. Takan katse shi, takan ce ba ta gamsu ba. Wannan ya taimaka ƙwarai, don sau da yawa abin da ke bakina shi take faɗa.

Abu na farko da ya sa na gyara zama shi ne inda malamin ya fara. Na ɗauka zai buɗe da yaƙi a sama, da mala'iku suna faɗowa, irin abin da ke sa tsikar jiki tashi. Sai ya buɗe littafin Ayuba. A sura ta 1 da ta 2, Shaiɗan ya zo gaban Ubangiji, aka tambaye shi daga ina, ya ce daga kai da kawowa a duniya. Allah ya yaba Ayuba, shi kuwa sai ya jefa tambaya: a banza ne Ayuba yake tsoron Allah? Malamin ya daɗe a kan wannan tambaya, kuma ya dace ya daɗe. Ya nuna cewa ba Ayuba kaɗai aka zarga a nan ba. Abin da Shaiɗan ke cewa shi ne, babu mahaluƙin da ke ƙaunar Allah saboda Allah. Kowa ladan da yake samu yake bi, a janye tumaki da raƙuma da 'ya'ya a gani. Wato zagin ya bi ta kan Ayuba ne, amma Allah aka nufa: kai ba ka isa a ƙaunace ka haka kawai ba. Daga nan ya kai mu Zakariya sura 3, inda Yoshuwa babban firist ke tsaye da tufafi masu dauɗa, Shaiɗan yana damansa don ya kai ƙararsa, sai Ubangiji ya tsauta wa mai ƙarar, ya sa aka tuɓe wa firist ɗin ƙazaman tufafin aka sa masa masu kyau. Ya rufe da Wahayin Yahaya 12:10, inda aka kira shi mai ƙarar 'yan'uwanmu dare da rana. Wurare uku, daga littattafai uku masu nisa da juna, aiki ɗaya.

Akwai wani abu da ya ja hankalinmu a kai wanda na ji daɗinsa. Littafin Ayuba surori 42 gare shi. Shaiɗan ya fito a biyu na farko, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sauran arba'in ɗin Ayuba ne da abokansa Elifaz, Bildad da Zofar, sai Elihu, sai Allah da kansa. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba abin da ya faru a sama ba. Malamin ya ce ga ma'aunin da ya kamata mu riƙe: gwargwadon filin da Littafi Mai Tsarki ya ba Shaiɗan, gwargwadon da za mu ba shi ke nan. Ku riƙe wannan magana, don shi da kansa ya saɓa mata daga baya.

Darasi na uku da na huɗu su ne zuciyar abin, kuma saboda su kaɗai ban yi da-na-sanin sayen ba. A nan ne aka shiga dalili. Malamin ya faɗi gaskiya cewa babu wata sura guda da ta zauna ta ba da labarin abin da ke cikin zuciyar Iblis. Ayoyi ne a warwatse. Yahuza aya 6 da 2 Bitrus 2:4 sun yi maganar mala'ikun da suka yi zunubi, suka bar matsayinsu. A 1 Timoti 3:6 manzo Bulus ya hana a naɗa sabon tuba shugabancin ikilisiya, kada ya kumbura da girman kai ya faɗa cikin hukuncin Iblis. A Yahaya 8:44 Yesu ya ce shi mai kisankai ne tun farko, kuma uban ƙarya. Daga irin waɗannan ne malaman ikilisiya na farko suka fito da amsoshi biyu: girman kai da hassada.

Masu cewa hassada suna cikin na farko-farko. Irenayus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya koyar a ƙarni na 2 cewa Iblis ya yi ƙyashin abin da Allah ya ba mutum. Siprian na Kartaj, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa a 258, ya rubuta cewa da ya ga an yi mutum cikin kamannin Allah sai hassada ta cinye shi, ya fara hallaka kansa kafin ya hallaka wani. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya fi ɗora nauyin a kan girman kai: halitta ta juya wa Mahaliccinta baya, ta zaɓi ta zama abin dogaron kanta. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya jera su biyun: girman kai ne ya fara, hassada ta biyo, hassadar mutum saboda alherin da aka tanadar masa, da hassadar Allah saboda ɗaukakarsa. Malamin bai tsaya lissafa sunaye kamar mai karanta rajista ba. Ya nuna yadda ɗaya ke haifar ɗaya: wanda ya ga babu kamarsa, ba zai iya jure ganin an ɗaga wani ba, balle wanda aka yi da turɓaya. Ya karanta Zabura 8 a nan, inda mai zabura ke mamakin mene ne mutum har Allah yake tunawa da shi, ya naɗa shi da ɗaukaka da daraja. Abin da ya ba Dawuda mamaki har ya yi waƙa, shi ne ya tsaya wa Iblis a maƙogwaro.

Matashiyar ta tambayi abin da na san mutane da yawa za su tambaya: labarin da ake ji cewa an ce ya yi wa Adamu sujada ya ƙi fa? Malamin ya amsa kai tsaye, ba tare da taɓa kowa ba. Ya ce wannan labari yana cikin Alƙur'ani, yana kuma cikin wani tsohon rubutu kan rayuwar Adamu da Hawwa'u da ya yaɗu a tsakanin Kiristocin dā, amma ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, don haka ikilisiya ba ta gina koyarwa a kansa ba. Amsa gajeriya, daidai, ya wuce.

Sai misalin da ya tsaya mini a rai, wanda ya ce tsoffin malaman ikilisiya ne suka yi amfani da irinsa. Ɗan tawayen da ba ya iya kaiwa ga sarki, idan ya ga hoton sarki a bango sai ya yi ta jifansa. Bangon bai yi masa komai ba. Farawa 1:27 ta ce an halicci mutum cikin kamannin Allah, namiji da mace. Hannun Shaiɗan ba ya kaiwa ga Allah, sai ya huce a kan abin da ke ɗauke da kamanninsa. Wannan ce amsar da nake nema wa ɗalibaina. Ba wani laifi na musamman muka yi masa ba, kuma ba don muna da wani ƙarfi da yake tsoro ba ne. Wanda muke kama da shi ne abokin gabarsa. Ina ganin yaro mai shekara 14 zai iya riƙe wannan, kuma zai rage masa tsoro, ya ƙara masa sanin darajar kansa da ta ɗan'uwansa, tunda kamannin nan yana kan kowa, har da wanda ba ka so.

Inda na fara ɗaga gira shi ne yadda aka bi da Ishaya 14 da Ezekiyel 28. Malamin ya karanta su kamar rahoton wanda ya ga faɗuwar Iblis da idonsa: tauraron asubahi da ya faɗo daga sama, wanda ya ce zai hau bisa gajimare ya zama kamar Maɗaukaki, da kerub ɗin, wato wani irin mala'ika, da yake cikin gonar Allah har aka sami mugunta a cikinsa. Amma Ishaya 14:4 ta faɗa ƙarara cewa habaici ne a kan sarkin Babila, Ezekiyel 28:12 kuma ta ce makoki ne a kan sarkin Taya. Gaskiya ne tun zamanin Orijen na Iskandariya a ƙarni na 3 malamai da yawa suna ganin inuwar Iblis a bayan waɗannan sarakuna, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Amma akwai manya da suka ƙi wannan fassara, ciki har da Jan Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta a ƙarni na 16, wanda ya nace cewa sarkin Babila ake nufi, ya kuma gargaɗi masu bi su gamsu da ɗan abin da aka bayyana game da faɗuwar aljanu, su daina tone-tone. Ya kamata mai sauraro ya san cewa fassara ce ake yi, ba karatun aya tsagwaronta ba. Jimla biyu sun isa, ba a faɗe su ba. Wani ɗalibi mai kaifin ido zai karanta aya ta 4 da kansa, ya dawo ya tambaye ni, ni ce kuma zan sha zufa.

Haka ma da ya kawo ayar da ke cewa ta hassadar Iblis ce mutuwa ta shigo duniya. Ya ce Hikima 2:24, ya wuce. Wannan littafi yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da na Otodoks, ba ya cikin littattafai 66 da ke hannun yawancin Furotesta. Wanda bai san haka ba zai yi ta juya shafuka tsakanin Karin Magana da Mai Hadishi har ya gaji.

Darasi na biyar ya gyara mini rai. Kansa shi ne: Shaiɗan ba kishiyar Allah ba ne. Mutane da yawa, har da masu zuwa sujada kullum, suna ɗauke da hoton iko biyu masu kokawa, na haske da na duhu, ana jiran a ga wa zai kayar. Malamin ya ce wannan koyarwar Mani ce, wani mutumin dā da ya kafa addininsa a kan wannan ra'ayi, koyarwar da Agustin ya bi kusan shekara tara kafin ya bar ta ya zama babban mai yaƙar ta. Ya kawo Majalisar Lateran ta huɗu, wato babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Roma a 1215, wadda ta ayyana cewa Allah ne ya halicci Iblis da sauran aljanu, nagari a asalinsu, su ne suka mai da kansu mugaye. Halitta ne, yana da farko, yana da iyaka. Ba ya ko'ina a lokaci guda. A wajen Ayuba sai da aka ba shi izini, aka kuma ja masa layi sau biyu: kada ka taɓa jikinsa, daga baya kuma, kada ka taɓa ransa. A Luka 22:31 ma roƙo ya yi a ba shi almajirai ya sheƙe su kamar alkama, Yesu kuwa ya ce wa Bitrus ya riga ya yi masa addu'a. Wanda sai ya nemi izini ba sa'an mai ba da izinin ba ne. Sannan ya ƙara dalili na uku a kan girman kai da hassada, daga Wahayin Yahaya 12:12: ya sauko da fushi mai zafi don ya san lokacinsa kaɗan ne. Fushin wanda an riga an yanke masa hukunci ne.

Na shida kan gwajin Yesu a jeji ne. Yana da kyau amma ba sabon abu a ciki ga wanda ya saba da Matiyu 4 da Luka 4, sai dai lura biyu: duk amsoshi uku na Yesu daga Maimaitawar Shari'a suka fito, kuma Iblis ma ya jawo aya, daga Zabura 91. Tayin mulkokin duniya a kan sujada guda ya nuna abin da yake kwaɗayi tun asali.

To, sai na bakwai. An ce za a koya mana yadda za mu gane aikinsa a rayuwar yau da kullum. Muryar dattijon ce dai, amma kamar wani ne ya rubuta masa. Aka fara jero alamu: ciwon da ya ƙi jin magani, kasuwar da ta tsaya, gyangyaɗi lokacin addu'a, mafarkin ana bin ka, aure da ya ƙi zuwa. Kiɗan bayan fage ma ya canja ya koma na tsoratarwa. Matashiyar da ta saba gardama ta yi tsit, sai "haka ne Baba". Ban ce Littafi Mai Tsarki bai taɓa danganta ciwo da Shaiɗan ba. A Luka 13 ga matar da ta tanƙware shekara 18, Yesu ya ce Shaiɗan ne ya ɗaure ta. Bulus ma ya kira ƙayar da ke jikinsa manzon Shaiɗan. Amma ina Yahaya 9, inda aka tambayi Yesu laifin wa ne aka haifi mutum makaho, ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba? Ina Yakubu 1:14, da ta ce muguwar sha'awar mutum ce ke jansa ta yaudare shi? Ina Markus 7, inda Yesu ya ce daga cikin zuciyar mutum ne kisankai da zina da hassada ke fitowa? Ko ɗaya ba a karanta ba. Matashin da ya saurari wannan darasi zai fita da uzuri a aljihu: bai yi karatu ba, ya faɗi jarrabawa, Shaiɗan ne. Tun a gonar Aidan aka fara wannan, Adamu ya nuna Hawwa'u, Hawwa'u ta nuna maciji, kuma Allah bai sallami ko ɗayansu ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana wajen minti na talatin. Malamin ya ce a lura da mutanen da ke kusa, don ta hannunsu maƙiyi ke shigowa, ya kuma ba da shawarar a nisanci wanda duk zuwansa sai wani abu ya lalace. Wannan ya saɓa wa Afisawa 6:12 da shi kansa ya karanta a baya, cewa famarmu ba da nama da jini ba ce. Ya kuma rushe darasi na huɗu: in mutum hoton sarki ne, mai koya maka zargin maƙwabcinka dutse yake miƙa maka. Tarihi ya nuna inda wannan hanya ke ɓullewa. A Turai, daga ƙarni na 15 zuwa na 18, an kashe dubun-dubatar mutane bisa zargin maita da ƙulla yarjejeniya da Iblis, yawancinsu mata, kuma masu zargin suna ganin aikin Allah suke yi. Kullum marar gata ne ke kwana a ciki: tsohuwa, gwauruwa, yaro maraya. Shi da aka kira mai ƙarar 'yan'uwa ba ya buƙatar mu taya shi aiki.

Na tura wannan ƙorafi ta lambar tambayoyin. Amsa ta yi jinkiri, amma ta zo, kuma mutum ne ya rubuta, ba saƙon da ake tura wa kowa ba. An amince cewa maganar nisantar mutane ba ta da madogara a nassi, an ce za a duba. A kan jerin alamun kuwa, an tsaya a kan bakansu. Da na sake sauke darasin kwanan nan, yana nan yadda yake.

Na takwas ya dawo kan hanya: Ibraniyawa 2:14, cewa Yesu ya ɗauki nama da jini don ta wurin mutuwa ya hallaka mai ikon mutuwa, Kolosiyawa 2:15, da 1 Yahaya 3:8. Malamin ya lura cewa turɓayar nan da Iblis ya raina, ita Ɗan Allah ya ɗauka ya ci nasara a cikinta. Ya kuma nuna cewa umarnin da aka ba mai bi ba shi da ado: ku miƙa kanku ga Allah, ku yi tsayayya da Iblis, zai guje muku, in ji Yakubu 4:7. Ba a ce a je a neme shi ba, ba a ce a yi ta hira da shi a cikin addu'a ba.

Ta fuskar aiki, muryoyin suna fita tas ko a ƙaramar waya, kuma darussan ba su cin wuri sosai. Amma babu alamar rabe-rabe a cikin sautin, in kana neman wata magana sai ka yi ta ja gaba da baya. Malamin yana ambaton sura da aya da sauri, sau ɗaya, kafin ka buɗe ya yi gaba. Littafin aikin yana da tambayoyi masu kyau na tattaunawa, sai dai ba a tace shi ba: a wuri ɗaya an rubuta Zafaniya 3 a maimakon Zakariya 3, kuma filin rubuta amsa ya yi kaɗan ga mai manyan haruffa.

Fasto ko malamin nazarin Littafi Mai Tsarki da zai iya tace abin da ya ji, zai amfana, musamman da na uku zuwa na biyar. Sabon mai bi, ko wanda dama yake fama da tsoro da mugayen mafarkai, kada ya saurara shi kaɗai. Ni dai zan kunna wa ajina na ɗaya zuwa na shida, in tsayar a Ishaya 14 mu karanta aya ta 4 tare, in tsallake zuwa na takwas. A makon da ya kamata a ji na bakwai, za mu buɗe Yakubu sura 1 da Yahaya sura 9 mu karanta da kanmu.